Tukwanen Mutanen Corotega

In mutum ya buɗe taswirar duniya, ya dubi yamma, ƙetaren Tekun Atlantika, zai ga manyan ƙasashe guda biyu, watau Amurka ta Arewa da Amurka ta Kudu. Tsakaninsu akwai wata siririyar ƙasa wadda ta haɗa su, teku a gabas da ita, teku a yamma. Ita ake kira Amurka ta Tsakiya. An raba ta ƙananan ƙasashe, a cikinsu kuwa akwai biyu masu maƙwabtaka da juna, Nikaraguwa a arewa, Kosta Rika a kudu. A gefen Kosta Rika na yamma, ƙasa ta miƙe ta shiga cikin Tekun Fasifik kamar hannu. Sunan wurin Nikoya, yawancinsa yana cikin lardin Gwanakaste. Ƙasa ce mai zafi, ta makiyaya da manoman masara. Ruwa yakan sauka daga watan Mayu zuwa Nuwamba, sa'an nan rani ya shigo, itatuwa su zubar da ganye, ciyawa ta bushe, sai kuma wata daminar.

A cikin wannan ƙasa akwai ƙauyuka biyu, Gwaitil da San Bisente. Daga garin Santa Kurus zuwa Gwaitil kamar mil 7 ne, tsakanin Gwaitil da San Bisente kuwa bai cika mil 2 ba. Baƙon da ya shiga cikinsu zai ga tanderu na ƙasa a gidaje da yawa, ga tukwane da tuluna da faranta an jera a ƙofar gida, masu zane ja da fari da baƙi. Masu ginin nan zuriyar wata al'umma ce da ake kira Corotega. Harshen kakanninsu ya mutu, yau ba mai jin sa ko mutum ɗaya. Sarautarsu ta rushe kusan shekara 500 da suka wuce, addininsu na dā ya tafi, jininsu ma ya gauraya da na waɗansu. Amma ginin tukwane bai taɓa yankewa a ƙasar nan ba. To, yaya aka yi tukunya, abin da ke fashewa in ya faɗi, ta wanzu bayan duk waɗannan sun shuɗe?

Asalin Corotega daga arewa ne, daga ƙasar Meziko. Shaidar wannan tana cikin harshensu, wanda ake kira Mange, gama yawancin danginsa suna Meziko, mafi kusa da shi kuwa shi ne wani harshe da aka yi a lardin Ciyafas. Waɗansu masana suna ganin sunan Corotega ya fito ne daga sunan birnin Colula na tsakiyar Meziko. Akwai kuma wani labari da wani limamin Kirista mai suna Torquemada ya rubuta a littafinsa da aka buga a 1615. Ya ce tsofaffi sun ba da labari wai waɗansu maƙwabta ne suka rinjayi kakanninsu, suka ɗora musu haraji mai nauyi, har suka gaji, bokayensu suka ba su shawara su tashi. Suka tashi da mata da 'ya'ya, suka bi gaɓar teku suka nufi kudu. Masu binciken tarihi suna lissafin isowarsu Amurka ta Tsakiya wajen shekara ta 800 bayan haihuwar Annabi Isa. Waɗansu suka tsaya a kudancin Honduras, waɗansu suka zauna a bakin manyan tafkunan Nikaraguwa, waɗansu suka zarce har Nikoya. Daga baya wata al'umma kuma ta biyo su daga Meziko, ana ce da ita Nikarawo, ta ƙwace waɗansu wurare ta zauna a tsakiyarsu.

Kada a zaci su suka kawo ginin tukwane ƙasar. Sun tarad da mutane, mutanen kuwa sun fi shekara 1,000 suna gini kafin zuwansu, har sun riga sun iya zana tukunya da launi iri iri. Abin da ya faru shi ne, a daidai zamanin nan aka fara ganin wani sabon salo. Sai a shafe tukunya da farar ƙasa ta yi fari fat, sa'an nan a zana ta da ja da baƙi da ruwan goro. Aka fara ganin siffofin da aka sani a Meziko, kamar macijin nan mai gashin tsuntsu wanda mutanen can suka ɗauka abin bauta. Masana sun sa wa wannan salo suna Papagayo, sunan wani wuri ne a bakin tekun Gwanakaste.

Wanda ya fi shahara cikin ginin zamanin shi ne tulu mai siffar damisa. A dazuzzukan Amurka akwai wata irin damisa ƙaƙƙarfa, ana ce da ita jagwa, mutanen dā suna jin tsoronta, suna kuma girmama ta. Sai a gina tulu mai ciki kamar gora, a fitar da kan damisa a gabansa, baki buɗe, haƙora waje. Ƙafafunta biyu na baya da wutsiyarta su ne ƙafafu uku da tulun yake tsaye a kansu, na gaba kuwa a ɗora su bisa gwiwoyi, kamar mutum a zaune. Ƙafafun nan da rami a ciki. Kafin a rufe su akan jefa 'yan dunƙulen yumɓu, don haka in an ɗauki tulun sai ya riƙa kaɗawa kamar caki. Duk wannan da hannu aka yi shi. Mutanen Amurka na dā ba su san faifan nan mai juyawa da magina na waɗansu ƙasashe suke aiki da shi ba, ba su kuma san ruwan gilashin da ake shafa wa tangaran ba. Ƙyallin da ke jikin tukwanensu na guga ne, da dutse, da haƙuri.

Irin waɗannan ba na dafa wake ba ne. Na manya ne, da su ake shan abin sha ran biki, in mai gida ya mutu kuma a binne shi da su. Abin da ya sa suka kai ga wannan zamani ke nan, gama abin da ke cikin kabari ba ya fashewa a hannun yara. A Nikaraguwa ma akwai manyan randuna masu siffar takalmi, a cikinsu ake binne matattu.

Kayan nan sun yi tafiya mai nisa. Masu binciken zamani sun sami dabarar gane inda aka gina tukunya, ta wurin kankare ɗan gari daga jikinta su auna abin da ke cikin yumɓun. Da suka yi haka sai suka ga yawancin masu farin jikin nan a Nikaraguwa aka gina su, fatake suka kawo su Nikoya, Nikoya kuma tana da nata masu jiki ja-ja da take aikawa waɗansu wurare. Har a kangon birnin Tula, kusa da babban birnin Meziko na yanzu, an tono tukwane irin na Papagayo a ɓoye cikin wani gida. Tsakanin wuraren nan biyu ya fi mil 1,000, a ƙasar da ba doki, ba jaki, ba keken shanu. A bayan mutum aka kai su, ko cikin kwalekwale.

Corotega manoma ne. Abincinsu masara da wake da kabewa, suna kuma noman auduga. Masarar nan da ta zama abincin mutane da yawa a Afirka, asalinta daga Meziko ne, sai bayan Turawa sun isa Amurka ta ƙetaro teku. Koko ma sai bayan nan ya ƙetaro teku. Su kuwa 'ya'yan koko ne kuɗinsu, kamar yadda aka yi ciniki da wuri a ƙasar Hausa. An rubuta cewa da ƙwaya 10 ana sayen zomo, da ƙwaya 100 ana sayen bawa. Garuruwansu suna da dandali a tsakiya, da wurin bauta, da kasuwa. Kasuwar kuwa ta mata ce. Namijin da yake ɗan gari ba shi da izinin shiga, sai mata da yara da baƙi. Waɗansu garuruwan sarki ke mulkinsu, waɗansu kuwa majalisar dattawa.

Ana nan haka sai Turawan Sifen suka zo. Kolumbus ya taɓa gaɓar Kosta Rika ta gabas a 1502, amma bai san da mutanen yamma ba. A 1519 jiragensu suka shiga ruwan Nikoya. A 1522 wani shugaban yaƙi mai suna Gil Gonzalez ya taso daga Fanama da mutum kamar 100 da dawaki 4, ya bi gaɓar teku, ya iso Nikoya a farkon 1523. Sarkin Nikoya ya karɓe shi da hannu biyu, ya ba shi zinariya mai yawa. Ma'ajin tafiyar ya rubuta cewa mutum fiye da 6,000 suka shiga addinin Kirista a garin cikin 'yan kwanaki. Ko nawa ne cikinsu suka fahimci abin da aka yi musu, wannan Allah ya sani. Da suka ci gaba zuwa arewa sai suka gamu da wani sarkin Corotega mai suna Diriangen. Shi ma ya zo da kyautai, ya ce a ba shi kwana uku ya yi shawara. Ran 17 ga Afrilu 1523 ya komo da mayaƙa, ya auka musu da tsakar rana, har Gil Gonzalez ya ga ba shi da ƙarfin zama, ya juya. Amma ba a daɗe ba, a 1524, wata runduna ta zo ta kafa biranen Giranada da Liyon a tsakiyar ƙasar Corotega. Daga nan ba su sake fita ba sai bayan kusan shekara 300.

A 1529 wani Bature mai suna Oviedo ya ratsa Nikoya. Mutum ne mai son rubuta duk abin da ya gani, daga baya ma Sarkin Sifen ya naɗa shi marubucin tarihin sababbin ƙasashe. Ya ga tukwanen da ake yi a tsibirin Cira, wanda ke cikin ruwan Nikoya, faranta da kwanoni da tuluna. Ya ce baƙaƙe ne wuluk kamar karan-miski, suna ƙyalli kamar gogaggen dutse, don kyau ana iya ba ɗan sarki su kyauta. Har ya ɗebi waɗansu ya kai gidansa a birnin Santo Domingo. Wannan yabo ne daga bakin mutumin da ya ga kayan fadodin Turai, wanda kuma ba ya yawan yabon mutanen ƙasar. Shi ne kuma ya rubuta, da alamar mamaki, cewa mazan Corotega suna bin maganar matansu ƙwarai.

Lokacin da yake wannan yabo, masu ginin suna ƙarewa. Turawa sun zo da cututtukan da mutanen Amurka ba su taɓa sani ba, agana da ƙyanda da waɗansu, suka yi ta kashe su gari gari. Ga kuma bauta. Da zinariya ta yi wuya, sai aka koma sayar da mutane. Jirage suka yi ta ɗibar su daga Nikaraguwa da Nikoya zuwa Fanama da Feru, inda ake bukatar masu dako da masu haƙa. Wani limamin Kirista mai suna Las Casas, wanda ya ƙare ransa yana kai ƙarar 'yan'uwansa Turawa, ya ce waɗanda aka fitar daga wannan yanki sun fi 500,000. Masana na baya da yawa suna ganin lissafinsa ya yi yawa, amma ba mai musun cewa garuruwa sun zama kufai. A 1542 Sarkin Sifen ya yi dokar hana bautar da 'yan ƙasa. Kafin dokar ta kama aiki sosai, ɓarna ta riga ta auku.

To, a nan ginin manya ya mutu. Ba sarkin da zai sa a gina masa tulun damisa, ba bikin da za a sha a cikinsa. Limaman Kirista sun hana siffofin gumaka, sun hana binne mutum da kaya. Maginiyar da ta iya zanen maciji mai gashin tsuntsu ba ta da dalilin koya wa 'yarta, koyarwar ma tana iya jawo mata wahala. Sannu a hankali aka manta da zanen, da ma'anarsa.

Amma ciki bai daina jin yunwa ba. Abincin ƙasar shi ne wata irin waina mai faɗi marar kauri. Akan tafasa masara da toka, a wanke, a niƙa a dutse, a fyaɗa ƙullun da tafin hannu, a gasa a kan wani kasko mai faɗi da ake kira komal. Gidan da ba komal ba ya cin abinci. Ga tukunyar wake, ga randar da ke sanyaya ruwa da rani. Baturen da ya ci ƙasar ma yana bukatarsu, gama kawo tukwane daga Sifen abu ne mai tsada, don haka tukwane da kasake suna cikin kayan da aka ɗora wa waɗansu garuruwa su biya haraji da su, tare da masara da auduga da zuma da gishiri. Watau abin da aka raina, shi ya tsira. Mata suka ci gaba da gini a bayan ɗaki, uwa tana koya wa 'ya, ba zane, ba ado, sai dai a shafa jar ƙasa a goge. Ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Kusan shekara 400 aka yi a kan haka, sa'an nan duk dabarar da ake taƙama da ita yau, ta haɗa yumɓu da ta ɗaga tukunya da ta guga, ta hannunsu ta biyo.

Ga yadda aikin yake a Gwaitil da San Bisente. Da rani ake haƙo yumɓu, don da damina ramukan sukan cika da ruwa. A shanya shi ya bushe, a zuba a turmi a daka, a tankaɗe ya zama gari. Yumɓu zalla ba ya jure wuta, tsagewa yake yi, saboda haka sai an gauraya shi da yashi mai laushi. Yashin da suke so suna ce da shi yashin igwana. Igwana wani babban ƙadangare ne mai kama da damo, macen takan nemi wuri mai yashi mai laushi ta haƙa ta yi ƙwai, daga nan sunan ya samo asali. In an haɗa gari da yashi da ruwa, sai a shiga a tattake da ƙafa har ya yi danƙo, ya haɗu sosai.

Sa'an nan mai gini ta zauna. Ta fara da gindi, ta fyaɗa yumɓu a kan wani kasko. Ta murza wani ya yi tsawo kamar igiya, ta naɗa shi a bakin gindin, ta manne da yatsu, ta ƙara wani a kansa, tukunya tana tashi kaɗan kaɗan. Da totuwar masara take jan jikin ta waje ya haɗe, da sakaina take kankare ciki, baki kuwa ta gyara shi da 'yar jiƙaƙƙiyar fata. A zamanin nan sun sami wata dabara. Sukan ɗauko ƙarfen nan mai 'ya'ya da ke cikin ƙafar mota, su ɗora masa faifai, su riƙa juya shi da hannu ɗaya suna gini da ɗayan. Bai mai da aikin na inji ba, ya dai hutar da mai gini daga kewaya tukunya.

Launi kuwa daga dutse ake samo shi. A kan wani tsauni kusa da San Bisente akwai wata irin ƙasa mai launi da suke kira kuriyol, akwai fara, akwai ja, akwai baƙa. Sai an hau an haƙo an ɗauko a ka ko a kafaɗa. A niƙa, a jiƙa, a tace, ta zama kamar kunu. In tukunya ta sha iska, ba ta bushe sarai ba, sai a shafe ta da wannan, a goge, a sake shafawa, a sake gogewa. Gugar nan ita ce ke cin lokaci. Da wani santsin dutse ake yi, wanda suke kira sukiya, waɗansu duwatsun kuwa a tsofaffin kaburbura aka tsince su, ana gadonsu a gida kamar dukiya. Yanzu waɗansu sukan yanki jikin kwalbar roba su yi guga da shi. In an gama zane da guga, a shanya a rana, sa'an nan a sa a tanderu. Tanderun mai rufin kumbo ne, irin na gashin burodi, da itace ake hura shi. A nan ne ake sanin ko aikin mako guda ya yi ko ya lalace, gama in akwai sauran laima ko iska a cikin yumɓu, tukunyar fashewa za ta yi, wani lokaci ma ta fasa ta kusa da ita.

Ana cikin wannan, ƙasar tana sakewa. Turawa suka kafa manyan garkunan shanu a Gwanakaste, aka kawo bayi daga Afirka, aka yi auratayya, har mutanen lardin suka zama gaurayen jini uku. Amurka ta Tsakiya ta fita daga hannun Sifen a 1821. Ran 25 ga Yuli 1824 mutanen Nikoya suka zaɓi su haɗu da Kosta Rika, har yau ana hutu a wannan rana. Harshen Mange ya yi ta ja da baya, kafin ƙarshen ƙarni na 19 ba wanda ya rage sai 'yan tsofaffi masu tuna kalmomi ɗai ɗai. Abin da ya saura na harshen yana cikin sunayen garuruwa, kamar Diriyamba da Nandaime da Nindiri a Nikaraguwa. Akwai kuma wata kalma da ta maƙale a jikin tukunya. Da harshen Mange ana ce wa ruwa nimbu, a Gwanakaste kuwa akwai wata babbar tukunyar ruwa da ake kira nimbuwera.

Har wajen tsakiyar ƙarni na 20 matan Gwaitil da San Bisente suna ci da wannan sana'a. Maza ke haƙo yumɓu da saro itace, mata ke gini. A loda kaya a keken shanu a kai Santa Kurus da Nikoya, waɗansu a sa su a jirgin ruwa zuwa Funtarenas. Sai hanyar mota ta iso, ta kawo tukwanen ƙarfe da kwanonin sha, daga baya ta kawo robobi. Tukunyar ƙarfe ba ta fashewa, ba ta da nauyi. Aka ja ruwan famfo, randa ta rage daraja. Abin da cuta da bauta ba su kashe ba, kasuwa ta kusa kashe shi. 'Yan mata suka fara tafiya birni neman aiki.

Taimako ya zo ta inda ba a zata ba, watau daga kaburbura. Tun ƙarni na 19 ake tonon kaburburan dā a Gwanakaste. Waɗansu masu tonon masana ne, kamar wani mutumin Suwidin mai suna Hartman da ya yi aiki a Nikoya a 1903. A 1926 wani Ba'amurke mai suna Lothrop ya buga littafi mai juzu'i biyu a kan tukwanen Kosta Rika da Nikaraguwa, cike da hotuna. Amma yawancin masu tonon ɓarayin kabari ne, talakawa masu neman abin sa wa a baki, suna sayar wa dillalai, dillalai su fitar zuwa Amurka da Turai. Gwamnatin Kosta Rika ta yi doka a 1938 ta ce kayan tarihin da ke cikin ƙasa na al'umma ne, duk da haka tono bai tsaya ba. An yi hasara mai yawa, gama tukunyar da aka fizge daga kabari ba tare da an rubuta inda take da abin da ke kusa da ita ba, rabin labarinta ya ɓace.

Sai dai ta wannan hanya mutanen ƙauyukan suka ga aikin kakanninsu da idonsu, suka kuma ga baƙi suna biyan kuɗi mai yawa a kansa. Daga wajen 1960 zuwa 1980 suka fara kwaikwayon tsofaffin zane. Waɗansu daga tsingaron da suke tsinta a gona, waɗansu daga hotunan littattafai, waɗansu daga abin da suka gani a gidan kayan tarihi na San Hose, babban birnin ƙasar. Tulun damisa ya komo, da ƙafafunsa masu kaɗawa. Da masu yawon buɗe ido suka fara cika gaɓar Gwanakaste, ciniki ya buɗe. Maza, waɗanda dā suke ganin gini aikin mata ne, suka zauna suka koya daga iyayensu mata da matansu, da yawa suka fi karkata wajen zane. Ba a rasa kuma waɗanda suka binne sabuwar tukunya ta yi datti, suka sayar wa baƙo da sunan tsohuwa ba.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Masu talla sukan ce wa baƙi wannan zane gado ne da bai taɓa yankewa ba. Ba haka ba ne. Zanen ya yanke shekaru ɗaruruwa, koyo aka sake yi, ma'anar siffofin da yawa kuma ta tafi tare da masu ita. Abin da bai yanke ba shi ne hannu. Da ba don matan nan masu gina komal da randa ba, da littafin Lothrop bai amfani kowa a Gwaitil ba, domin hoto ba ya koya wa mutum yawan yashin da zai zuba, ko lokacin da yumɓu ya isa guga. Maginan yanzu ma ba su tsaya ga kwaikwayo ba, suna zana birai da tsuntsaye da kunkuru da furannin ƙasarsu, abin da baƙo yake so ya tafi da shi gida.

A Nikaraguwa akwai wani gari na zuriyar Corotega mai irin wannan labari, sunansa San Huwan, a lardin Masaya. Saboda yawan gini, a zamanin mulkin Sifen ana ce da shi San Huwan na Faranta. Su sun ɗauki wata hanya dabam, sun karɓi faifan da ake juyawa da ƙafa da waɗansu launuka na kanti, kayansu suka yi laushi, suka yi araha, har ana kawo su Kosta Rika a sayar wa baƙi a bakin teku. Baƙo ba ya bambanta su, sai ya sayi mai arha.

Mutanen San Bisente sun buɗe gidan tarihi nasu na kansu a 2007, inda ake nuna aikin tun daga haƙar yumɓu har gashi, ana kuma koya wa yara. A 2013 gwamnatin Kosta Rika ta sa wannan sana'a cikin al'adun gado na ƙasa. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar maginan ƙauyukan ta sami hatimi na hukuma, wanda ke shaida cewa tukunya ta Corotega ce ta ainihi, an gina ta a nan, da hannu, da ƙasar nan. Amma sana'ar da ta dogara ga baƙi tana da nata haɗari. A watan Maris 2020, da annobar korona ta sa aka rufe iyakokin ƙasar, baƙi suka ɗauke ƙafa, kaya suka yi ta zama a ƙofar gida ba mai taya su.

Babbar damuwarsu kuwa ta fi wannan daɗewa, ita ce ta yumɓu. Ba kowace ƙasa ke ginuwa ba. Ramukan da aka saba ɗiba a kusa da gari sun ƙare ko sun yi ƙasa, wuraren da mai kyau ya rage kuwa suna cikin gonaki da makiyayun waɗansu mutane, an kewaye su da waya. Yumɓun da kakanni suke ɗiba kyauta ya zama na saye, in mai gona ya ga dama ya sayar, in ya rufe ƙofa ba yadda za a yi da shi, gama doka tana bayansa. Magina sun yi shekaru suna kai kuka ga hukuma, suna roƙo a sayi filin a bar wa ƙauyukan. Hatimin da suka samu ya ce sai da ƙasar yankin za a yi gini, ba za a ɗauko ta wani lardi a kira ta Corotega ba. Saboda haka in rani ya yi, kowane gida yakan nemi abin da zai iya saye, ya cika buhuna ya jibge a ƙarƙashin rumfa, ya riƙa ɗiba da lissafi har ruwa ya ɗauke.